Yadda za ka gane ko lissafin ɗanka ya kai na ajinsa

Yawancinmu idan katin sakamako ya zo, "na nawa ya zo?" muke fara tambaya. To ai yaro na iya zuwa na uku a ajin da kowa yake baya. Ma'aunin da ya dace shi ne manhajar da hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta Najeriya (NERDC), mai hedikwata a Sheda nan Abuja, ta tsara wa firamare 1 zuwa 6 da ƙaramar sakandare 1 zuwa 3. Ita ta fayyace abin da ya kamata yaro ya iya a kowane aji.

Da farko ka leƙa makaranta a farkon zango, ka ce, "Malam, a taimaka mini da jerin darussan lissafi na wannan zango." Mako-mako ake tsara shi, sai ka ɗauki hotonsa da waya. Idan makarantar kuɗi ce mai bin tsarin Birtaniya, tambayi ko suna haɗawa da na gida, domin jarrabawar shiga makarantun haɗaka na gwamnatin tarayya, wadda NECO ke shiryawa, da manhajar Najeriya take tafiya.

Sai littafin aikinsa. Kada makin jan biro ya ruɗe ka. Zaɓi ɗaya da ya ci daidai, ka ce ya nuna maka yadda ya yi. Nan take za ka bambance mai fahimta da mai kwafa. In hanyarsa ta saɓa da ta zamaninmu, bar cewa "ba haka aka koya mana ba", rikita shi kawai za ka yi.

Gwajin da na fi yarda da shi a shagon unguwa yake. Ɗan aji huɗu, ka ce masa: sabulu uku, kowanne naira 350, ga 2,000, nawa ne canji? Amsa 950 ce, amma kai inda ya cije za ka lura. In wurin 350 sau uku ne, haddar sau ce ba ta zauna ba. In wurin ɗebewa ne, galibi aro ke kayar da shi, musamman da sifirai suka yi jere.

Da wannan za ka koma wurin malami. "Ɗana ba ya ƙoƙari" ba ta ba shi abin kamawa, amma "yana rikicewa wurin aro" aiki ne da zai iya farawa gobe. Ka roƙe shi tambayoyi biyar irin wannan, yaro ya yi su a gida bayan magariba, ka mayar masa ranar Litinin.