Yadda za ka ɗau gajeren fim ɗin sallah ta idon yaro

Abu na farko dai ka sauke wayar nan ƙasa. Yawancin bidiyon sallah mutum na tsaye yake ɗaukarsu, shi ya sa duk kamarsu ɗaya. Yaro ɗan shekara 6 ba fuskoki yake gani ba, gefen babbar riga yake gani da tulin takalma a filin idi da hannun kawu yana shiga aljihu zai ciro masa goron sallah. To ka tsuguna, wayar ta tsaya daidai idonsa, ka riƙe ta a kwance, kuma har fim ɗin ya ƙare kar ka miƙe.

Kar ka rubuta masa maganar da zai haddace, irin wannan fim ba labari ake bi daki-daki ba, abin da yaron ke ji a ransa ake nema. Ka nemi izinin iyayensa tukuna, sannan ka zaɓi wanda ya saba da kai, ƙaninka ko ɗan yayarka, don in baƙonka ne zai yi ta kallon kyamara yana gyara tsayuwa.

Tun jajibere za ka fara. Shagon tela da daddare, keke na ta gudu shi kuma yana kan benci yana jiran ɗinkinsa barci na fizgarsa yana buɗe ido duk sanda aka ɗaga wata riga ko tasa ce, wallahi wannan kaɗai ya isa minti guda. In yarinya ce ka kama ta an sa mata lalle ta ɗaga hannuwa sama hancinta na ƙaiƙayi ba damar sosawa. In babbar sallah ce ka ɗauke shi yana ba rago dusa, bayan layya kuma ka koma ka ɗau turken da igiyar kawai, ba sai ka nuna yanka ba.

Sauti ka ɗauke shi daban da wata wayar, ka sa mata safa a baki saboda iska. Kabbarar hanyar idi, ƙarar suya a kasko, in a Kano kake kuma akwai kakaki da algaita da bindiga a hawan daushe washegarin sallah. A can dole wani babba ya riƙe yaron nesa da dawakai, kai hankalinka na kan waya. Ka sa ta a yanayin jirgi, wato airplane mode, kar kiran barka da sallah ya katse maka ɗauka.

Wajen haɗawa manhajojin haɗa bidiyo irin su CapCut ko KineMaster sun isa, kuma nan ne gwajin yake, ka ɗora sautin wani wuri kan hoton wani, misali kakakin hawa kan fuskarsa yana barci da sabon takalmi a ƙafa. Kar ka lafta waƙa a kai don Allah, tana danne komai. Minti 3 zuwa 5 ya wadatar, kafin ka saka a intanet kuma ka fara nuna wa iyayensa su amince.