Abin da za a duba idan mota mai giyar otomatik ta ƙi tashi

Mai mota mai giyar hannu yana da mafita idan batir ya yi sanyi, domin za a tura shi ya saki kuloci injin ya kama. Mai otomatik ba shi da wannan gata, saboda a irin wannan giya man giya ne ke sada injin da tayoyi, kuma famfon da ke harba man ba ya aiki sai injin na juyawa. Saboda haka dole a gano matsalar a inda motar take tsaye, kuma kafin a sayi ko da kusa ɗaya, a kashe rediyo, a murɗa makulli, a kasa kunne, domin ƙarar da motar ta yi ita ce za ta nuna inda ciwon yake.

Idan fitilun gaban direba sun kama amma ba a ji motsin komai ba, a fara da sandar giya. Akwai wani makunni a jikin giya da ke hana kik, wato na'urar da ke juya injin wajen tayarwa, aiki sai sandar tana kan P ko N, don kada mota ta zabura da mutum. A taka birki sosai, a mayar da sandar kan N, a sake gwadawa. Idan ta tashi a haka, to makunnin ne ya fara lalacewa ko kuma saitin sandar ya goce, kuma gyaransa bai kai na kik tsada ba. A motocin da ake tayarwa da maɓalli, a sa wani ya duba ko fitilun birki na kamawa, domin idan makunnin birki ya mutu motar ba za ta san an taka ba. Idan kuwa batirin rimot ne ya ƙare, a kara rimot ɗin a jikin maɓallin sannan a danna.

Ƙarar "ƙas-ƙas-ƙas" da sauri, tare da dusashewar fitilu, kusan kullum batir take nufi, kuma a nan ne aka fi yin asarar kuɗi ba dalili. Sau da yawa batirin lafiyarsa lau, kawunansa ne suka saki ko suka tara wani farin gari mai kore-kore da ke tare wuta. A kwance su, a fara da na baƙar waya, a kankare, a ɗaure tamau. Mai na'urar awo ya auna: cikakken batir yana nuna kimanin volt 12.6, wanda ya sauka ƙasa da 12 ya yi sanyi ƙwarai, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba yayin da kik ke juyawa. Wajen jona wuta daga wata mota, jar waya ta haɗa alamar + da +, baƙa kuma ta tashi daga − na lafiyayyen batir zuwa wani ƙarfe a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batirinta, saboda tartsatsi. Bayan ta tashi awon ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5, idan bai hau ba altaneta, wato na'urar da ke cika batir yayin da injin ke aiki, ba ta caji, kuma sabon batir ma haka zai mutu. Ƙara guda ɗaya tak alhali fitilu na haske sosai ta fi nuna kik ɗin kansa.

Idan kuwa injin na juyawa da ƙarfi amma ya ƙi kamawa, giya da kik sun fita daga zargi, saura mai da wuta. A murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, a saurari ɗan gunjin famfon mai daga wajen tanki na kamar daƙiƙa 2, in ba a ji ba a duba fiyus ɗinsa. Fitila mai hoton makulli da ke ta ƙiftawa tana nufin motar ba ta gane makullin ba, sai a gwada na ajiya. Kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 10 a lokaci guda, domin zafi na ƙona shi. Idan duk waɗannan ba su nuna komai ba, a kira makaniki mai na'urar OBD ya karanta abin da kwamfutar motar ta adana kafin ya kwance wani abu.