Yadda za ka gina sana'ar wasan daɓe mai waƙa da rawa, ka kuma tallata kanka a Yamai

Kusan duk yaron da ya zo neman shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo a Yamai yanzu abu ɗaya yake miƙowa: bidiyon TikTok yana motsa baki a kan waƙar wani. Yarinya ta sha lalle, ta iya juya ido, mabiyanta ba iyaka. Da an ce mata ajiye wayar, rera mana baiti biyu da bakinki kina tafiya daga nan zuwa ƙofa, kafin ta kai ƙofar numfashi ya yanke. Wannan bayani naku ne, ƙannena maza da mata masu son irin wasan da ake haɗa magana da waƙa da rawa a gaban jama'a, inda babu a tsaya a sake ɗauka.

Da farko ka san kasuwar da za ka shiga. A birnin New York na Amurka, unguwar Broadway kaɗai tana da gidajen wasa kusan 40, ana buga wasa sau 8 a mako, mutum yana iya yin shekara yana cin abinci da rawar da yake takawa a wasa guda. Mu nan ba mu da wannan, kada bidiyon intanet ya ruɗe ka. Aikinmu yana fitowa daga ƙungiyoyin wasa, da bukukuwan al'adu, da wasannin Sallah, da bikin ƙarshen shekara na lakwal-lakwal, da rediyo da tele, da kuma wasan wayar da kai da masu furoje ke biya a je a yi a unguwanni da ƙauyuka kan rigakafi ko karatun ƴaƴa mata. Wannan na ƙarshe shi ya fi kawo kuɗin cefane, ko da yake ba shi ne ya fi daɗi ba. Kuma sana'ar ba baƙuwa ba ce gare mu. A zamanin mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, samariya, wato tsarin ƙungiyoyin matasa, ta cika ƙasar nan ta Nijar da ƙungiyoyin rawa da waƙa da wasan kwaikwayo, jiha-jiha suna gasa, kuma har gobe in ka ambaci ɗan wasan kwaikwayo Yazi Dogo dattawa sai sun yi murmushi. Saboda haka in kana da ɗinki ko koyarwa ko shago, riƙe abinka da kyau. Wanda yunwa ke kora shi ne ke karɓar kowane irin aiki a kowane irin farashi.

Mataki na biyu, shiga ƙungiya. Ba a koyon wannan aiki a ɗaki gaban madubi. Je ka gidan al'adu na Oumarou Ganda da yamma, ko cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya, ko tsohon gidan al'adun Faransa da Nijar, CCFN, da aka mayar wa suna Moustapha Alassane a 2024. In kana Tawa, gidan matasa da al'adu nan ne mafari. Ka zauna ka kalli atisaye, ka gaida mutane, ka ɗauki benci, ka naɗe wayoyin lantarki bayan an tashi. Mai ƙungiya yana lura da wanda ya zo da wuri fiye da yadda kake tsammani.

Cikin abu ukun nan, magana da waƙa da rawa, kowa yana da wanda ya fi rauni a kai, kuma kowa gudunsa yake. Mai murya ba ya son a gan shi yana ɓata taku, ɗan rawa kuma da an ce ya buɗe baki sai ya koma layin baya. To wanda kake gudu shi za ka ba rabin lokacinka. Dokata ga duk wanda na koyar ita ce: ba a rera waƙa a zaune. Ka ɗumama murya na minti goma da fitar da sauti a hankali baki rufe, sannan ka tashi ka rera kana tafiya, ka rera kana sassarfa, ka rera bayan ka yi rawa ta minti biyu ba hutu. Ka sa hannu a ciki, in ka ja numfashi cikin ne zai kumbura, kafaɗa ba ta motsi. Lokacin hunturu ƙura tana busar da maƙogwaro, sai ka yawaita ruwa ka rufe hanci a kan kabu-kabu. Citta da kanumfari da zuma suna sa a ji daɗi, amma ba su gyara muryar da aka wahalar da ihu. Taba da shisha kuwa ka zaɓa, ko su ko sana'ar. In murya ta dishe ta wuce mako biyu ba ta dawo ba, tafi wurin likitan maƙogwaro.

Yanzu ga inda mafi yawa ke faɗuwa, kuma nan zan daɗe: bidiyon da za ka nuna kanka da shi. Mai shirya wasa yana da mutane da yawa da zai duba, a waya yake kallo, wataƙila ma a tsaye. Abin da yake so ya sani uku ne: muryar nan taka ce, jikinka yana bin kiɗa, kuma fuskarka tana ba da labari. In bai ga haka ba cikin rabin minti ya wuce. Can Amurka ma a gwajin ɗaukar ƴan wasa abin da ake ba mutum ya rera sau da yawa bai fi rabin minti zuwa minti ɗaya ba. Don haka bidiyonka kada ya wuce minti ɗaya da rabi, ko biyu in ya yi tsawo. Ban da gabatarwa mai sunanka yana juyawa cikin furanni, ban da godiya ga masoya. Ka faɗi sunanka da garinku cikin numfashi ɗaya, ka fara.

Waƙar da za ka zaɓa ita ce rabin aikin. Yara suna ɗauko waƙar da gari ke yayi, wadda kowa ya haddace muryar mai ita, sai mai kallo ya riƙa auna ka da shi, kuma kai ne za ka sha ƙasa. Nemi waƙar da wani ke gaya wa wani magana a cikinta: uwa tana sallamar ɗiyarta ranar kai amarya, ɗan ci-rani yana aika saƙo gida, ɗan kokowa yana kirari kafin ya shiga fili. A wasan daɓe waƙa magana ce da ta fi ƙarfin a faɗe ta da baki kawai. Kafin ka rera, karanta baitocin kamar zance, ka tambayi kanka wa nake gaya wa, me nake so ya yi mini. In ba ka da amsa, canza waƙa. Ka riƙe biyu a shirye, ɗaya mai sanyi ɗaya mai zafi, kuma a Yamai in ɗayar da Zabarmanci ce ko Faransanci ka ƙara wa kanka ƙofa.

Na ga wata yarinya mai murya ƙwarai da ta kashe kuɗin da ta tara wajen shiga sutudiyo. Aka gyara mata murya da na'ura har ta zama santsi, aka ɗora a kan hotonta tana yawo bakin kogi. Mai shirya wasan da ta aika wa ya kalla ya ce, “To, ita wace ce a ciki?” Daga baya aka jingina waya a kan tukunyar fure a tsakar gidansu, wani tsoho ya riƙe mata kalangu, ta rera waƙar sallamar amarya tana naɗe tabarma, muryarta ta ɗan karye a baiti na uku don abin ya taɓa ta. Da wannan bidiyon aka kira ta. Ban hana kowa shiga sutudiyo ba in zai fitar da waƙa, amma bidiyon neman aiki da ɗanyar murya ake yin sa.

Yadda za ka ɗauka kuwa ba ya cin ko dala. Da safe tsakanin ƙarfe bakwai da tara, ko bayan la'asar, lokacin da rana ba ta matse maka ido. Haske ya zo daga gabanka, bango marar ado a bayanka. Ka goge gilashin kamara da gefen riga, wannan kaɗai yana canza hoto. A kashe fanka, a jira janaretan maƙwabta ya yi shiru, a kore awaki. Waya a kwance, a daidai tsayin ido, a jingine, ba a hannun aboki mai dariya ba. Sashen waƙa da magana a ɗauka daga ƙirji zuwa sama, sashen rawa kuma a ja baya har a ga tafin ƙafa, don ɗan rawar da ba a ga ƙafarsa ba ba a ga komai ba. In da kiɗa, a nisanta shi da wayar kada ya danne ka. Kada ka kalli cikin kamara, ka sa ido kaɗan a gefenta kamar mutumin da kake wa magana yana tsaye a wurin. Ka haɗa guntayen da manhajar CapCut ba tare da wani ado ba. Wajen aikawa ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba hoton yana dusashewa. Kuma a sa wa fayil ɗin sunanka da lambarka.

Bayan bidiyo sai hoto da takarda. Hoto biyu sun isa, na fuska da na tsaye, ba tace fata, ba gilashin ido. In ka shigo ɗakin gwaji a gane ka da hoton. Takarda shafi ɗaya da Faransanci: suna, lamba, tsayi, harsunan da kake ji, kayan kiɗan da ka iya ko gurumi ne ko duma, wasannin da ka yi da shekara da sunan wanda ya shirya. Kada ka ƙara abin da ba ka yi ba. Masu wannan harka a Yamai ba su da yawa, duk sun san juna, kiran waya ɗaya ya isa a gano. Suna ɗaya za ka riƙe a ko'ina, lamba ɗaya, kuma wayar ta kasance da caji. Na sha ganin an ba wani aiki don kawai na farkon ba a same shi a waya ba.

Ranar gwaji ka isa da rabin awa kafin lokaci, da kayan da za ka iya durƙusawa a cikinsu, da ruwanka. Ka gaida kowa har mai gadi. Kada ka fara da ba da haƙuri wai mura kake. In an katse ka aka ce sake yi a hankali, ko yi kamar kana fushi, to an ga wani abu ne a wurinka, ana so a ga ko kana jin gyara. Yi yadda aka ce ko da ba ka yarda ba. In ba a ɗauke ka ba ka aika saƙon godiya gajere, kada ka shiga Facebook kana habaici.

Shi kansa Facebook da TikTok, amfaninsu a ga kana aiki. Guntun atisaye, sanarwar wasa da rana da wuri, hoton ƙungiya tare da ambaton kowa. Sau biyu a mako ya wadatar. Yawan mabiya ba ya cika kujeru, mutum talatin da za su biya kuɗin ƙofa sun fi dubu goma masu danna yatsa. Ka je kallon wasan wasu, ka tsaya bayan an tashi ka gaida mai shiryawa, ka karɓi gayyatar gidajen rediyo ko ba a biya. Ke kuma ƙanwata, ki kawo mahaifiyarki ko yayanki su ga wasa tun da wuri, su ga wurin da mutanen da idonsu, maganar unguwa za ta rage nauyi. Duk wanda ya ce ki zo gwaji ke kaɗai a ɗakin otal ko gidansa da dare, ba aiki zai ba ki ba. Gwaji da rana ake yi, a gaban mutane.

Maganar kuɗi a yi ta kafin a fara atisaye, ba ranar wasa ba. Nawa ne kowane wasa, kwanakin atisaye da kuɗin mota a kan wa suke, in za a fita gari wa ke ciyarwa, nawa ne kafin alƙalami. Ko jika biyar ce a rubuta, ko da saƙon WhatsApp ne, kunya ba ta biyan haya. In kai ka tsara waƙa ko wasan, kai shi BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa, a yi maka rajista. Watan azumi aiki yana tsayawa, ka ajiye wani abu tun kafin ya zo, ka kuma yi amfani da watan wajen shirya wasan Sallah.

Sauran na buɗe ido ne. A Tawa aka san gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu, duk lokacin da ka ji sanarwarta ka bincika sharuɗɗa. A waje akwai bukukuwan wasanni irin su MASA a Abijan, da Récréâtrales a Wagadugu, kuma irin waɗannan sukan fara neman takarda da bidiyo, watanni kafin bikin. Ka yi fasfo tun ba a gayyace ka ba, ka kuma sabunta bidiyon nan duk shekara, ko duk lokacin da ka yi wasan da ya fi na baya.