Ku ɗauki muryar tsohonku a gona

'Yan uwa, mai son adana tarihin mahaifinsa ko kakansa manomi makiyayi, kada ya zaunar da shi a ɗaki ya ce "Baba, ba ni tarihinka." Shiru za ka samu.

Ka bi shi gona ko garke da yamma, ka kunna rikoda a waya, ka sa a aljihun gaba. Ka gaya masa dai, kada ka yi a ɓoye.

Kada ka tambaye shi shekara, ba ya lissafi da ita. Ka ce, "Baba, lokacin da aka canja kuɗi zuwa naira, ina kake noma?" Wannan 1973 ke nan, shekarar babban fari. Ko ka tambayi ciwon bushiya da ya kashe shanu a 1983. Daga nan labari zai ɓalle.

Ni kakana, Allah ya jiƙansa, sunan wata saniyarsa kawai na ambata, ya yi awa guda yana magana.

Inda dabarar ba ta aiki: in akwai baƙi ko surukai a wurin, kunya za ta hana shi. Kuma kada ka tambayi adadin shanunsa, ba zai faɗa ba.

A daren nan ka tura wa ɗan'uwanka ta WhatsApp, waya tana ɓata.