Gaisuwa, Kunya da Kara: Kurakuran da Aka Fi Yi a Kulob ɗin Koyon Jawabi

Yawancin abubuwan da ke tauye 'yan kulob ɗin koyon jawabi a Kaduna tarbiyya ce mai kyau da aka kai ta inda ba wurinta ba. An koya mana doguwar gaisuwa, da sunkuyar da kai, da yi wa na gaba kara. A gida duk wannan ado ne. A gaban agogon kulob kuwa, su ne ke cinye mutum.

Tsarin da aka fi bi ya fito ne daga Toastmasters, ƙungiyar da Ralph Smedley ya kafa a 1924 a Santa Ana ta jihar Kalifoniya, Amurka. Jawabi minti biyar ne zuwa bakwai. Mai lura da lokaci yana ɗaga koren kati a minti na biyar, mai ruwan ɗorawa a na shida, ja a na bakwai. To sai mutuminmu ya miƙe, ya gai da shugaban taro, ya gai da sakatare, ya bi manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya har da muƙamansu, ya nemi afuwar wanda bai ambata ba. Kafin ya taɓo batunsa minti biyu sun wuce, jan kati kuma ya riske shi a tsakiyar hujja. Wannan gaisuwa ta taron siyasa ce a Dandalin Murtala. A kulob, sallama da "Shugaban taro, 'yan'uwa" sun wadatar, sai ka faɗa cikin magana. Ka kuma daina buɗewa da "ni dai ban shirya ba". Babu wanda ya tambaye ka, kuma ka ba mutane izinin duba wayoyinsu ne kawai.

Sai sunkuyar da kai. Idan ido ya koma ƙasa, murya ma can take bi, na layin baya ba sa jin komai. Ka zaɓi mutum uku, ɗaya a dama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a hagu, ka riƙa ƙarasa jimla guda a kan kowannensu. Wadda ba ta son haɗa ido da maza, ko wanda ba ya son ƙura wa mata ido, ya kalli sashen da suke zaune gaba ɗaya. Abin nema dai shi ne fuska ta kasance a sama.

"Wato", "ka gane", "to", "e": akwai wanda aikinsa a zama shi ne ƙirga irin waɗannan, kuma mutane kan yi mamaki idan aka karanto musu adadin. Maganinsu shiru ne. Idan kalma ta ɓace maka, ka dakata daƙiƙa biyu. Kai ne za ka ji shirun ya yi tsawo, masu sauraro ba za su ji ba. Ka ɗauki muryarka a waya ka saurara a gida. Ba daɗi, amma yana aiki. Haka batun harshe: zaman da ya haɗa na Kawo da Tudun Wada da na Barnawa da Sabon Tasha dole ya tsayar da harshen da za a yi jawabi da shi tun kafin a fara, don kada mai magana ya riƙa tsallakawa Turanci duk lokacin da Hausa ta maƙale masa.

Babban ciwon yana wajen sharhi. Ana ba mai sharhi minti biyu zuwa uku ya faɗi abin da ya gani, sai ya tashi ya ce, "Masha Allah, ka yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira," ya zauna. Addu'a ce mai kyau, amma mai jawabin ya koma gida bai ƙaru da komai ba. Abin ya fi tsanani idan mai jawabin ya girme shi, ko maigidansa ne a ofis. Ana iya faɗin gaskiya ba tare da an zubar da girman kowa ba: "Yaya, labarin cunkoson Kasuwar Bacci da kika buɗe da shi ya kama mu. Sai dai kin juya mana baya sau uku kina karanta allo. In Allah ya kai mu jawabi na gaba, ki tsaya a gefensa." Abu ɗaya da ya yi kyau, abu ɗaya na gyara, da yadda za a gyara shi. Akwai kuma wanda ke wuce gona da iri, ya jero wa sabon shiga laifi goma a jawabinsa na farko, wanda minti huɗu ne zuwa shida na gabatar da kai kawai. Irin wannan baƙon ba ya dawowa, kuma ban ga laifinsa ba.

Game da matakan ci gaba, a tsohon tsarin Toastmasters jawabi goma ne ke ba mutum shaidar farko, sabon tsarin kuma mai suna Pathways yana da matakai biyar. Wasu sukan mai da abin tsere: su jero jawabai a gurguje, su karɓi takardar shaida, a yi hoto a sa a Facebook, alhali "wato" ɗinsu na nan yadda yake. Kafin a ba mutum damar jawabi na gaba, a tambaye shi gyaran da aka ba shi a baya da abin da ya yi a kai. Ranar karrama shi kuma a faɗi takamaiman abin da ya sauya, misali cewa yanzu yana magana ba takarda a hannu. Ya kuma riƙe sauran ayyukan zama: lura da lokaci, jagorantar taro, da amsa tambayar ba-zata ta minti ɗaya zuwa biyu, wadda kowa ke gudu duk da ita ce ta fi kama da ganawar neman aiki.

Sakatare ya tanadi littafi guda na rubuta jawabin kowa da ranarsa da gyaran da aka ba shi. Lokacin zama kuma a sa shi inda ba zai ci karo da La'asar ko Magariba ba, a fara da waɗanda suka iso ko da mutum biyar ne.