Shawara ga malaman firamare: ku buɗe ƙaramin kanti a aji

Malamai da iyaye, idan kuna son yara su fara fahimtar tattalin arziki ba tare da kun kashe kuɗin sayen kayan koyarwa ba, ku buɗe musu ƙaramin kanti a kusurwar aji.

Ku sa su kawo kwalayen ashana da gwangwanayen madara da aka gama amfani da su, sannan ku yanka takarda ku rubuta naira 50, 100 da 200.

Dabarar tana wajen rabon kuɗin. Ku ba kowane yaro naira 300, alhali kayan da ransa yake so sun kai naira 500. Dole ne ya zaɓi wani abu ya haƙura da wani, kuma a ganina wannan haƙurin ya fi kowane bayani a kan allo nuna masa cewa buƙata ta fi abin hannu yawa.

Washegari ku rage kayan, ku bar su su yi ciniki. Da kansu za su ga farashi ya tashi. A nan sai ku tuna musu yadda tumatir yake yin araha a kasuwar Kawo lokacin sanyi, ya yi tsada a farkon damina.

Dabarar ba ta aiki da 'yan aji ɗaya da ba su iya ɗebewa ba tukuna. Su musayar kaya ta fi dacewa da su. Idan ajin ya cika maƙil, ku raba su rukuni-rukuni.

Kada ku yi amfani da kuɗin gaske, domin yaron da bai zo da komai daga gida ba zai ji kunya.