Shawara ga mai cin abinci a Italiya

Idan kun shiga gidan abinci a Italiya kuma kuna son rage kashe kuɗi, ku nemi primo kaɗai, wato farantin taliya ko shinkafar risotto.

Takardar abincinsu a rarrabe take, kuma ba dole ba ne a bi ta duka. Secondo, wato nama ko kifi, ya fi tsada, kuma galibi yakan zo tsurarsa, sai an biya kuɗin ganye ko dankali daban, alhali farantin taliya ɗaya yakan ƙosar.

Sai dai ku kiyayi taliyar carbonara da ta amatriciana, domin da naman alade ake yin su.

Dabarar ba ta aiki inda aka yanke farashi ɗaya na abincin gaba ɗaya, kuma ba za ta raba ku da coperto ba, kuɗin zama da gidaje da yawa ke ɗora wa kowane mutum.